Kwano Takwas na Yaya Tsuyako

Ranar tara ga watan Janairu, da hantsi, mai kawo wasiƙu ya ga dusar ƙanƙara ta cike ƙofar gidan maƙwabciyata Tsuyako Hokari har gwiwa, babu sawun kowa. Shi ya kira mutane. A kicin aka same ki, Yaya, kina da shekara saba'in da tara. Likita ya ce tun safiyar sabuwar shekara kika faɗi, ƙugu ya karye, kuma kin kai kwana biyu da ranki kafin kananzirin murhu ya ƙare, sanyi ya ƙarasa ki. Kwana biyu! A unguwar da in mutum ya yi tari a wannan gida, ana jinsa a wancan.

Raina a ɓace nake wannan rubutu, ba zan ɓoye ba.

Shekara goma sha tara ke nan da mijina ya kwashe kayansa ya koma Sendai wajen wata. Sabuwar shekarar farko bayan tafiyarsa, na ja labule na zauna, ina jin 'ya'yan maƙwabta suna isowa daga birane da jakunkuna. Sai ga ki kina dukan ƙofata da ƙafa.

"Ke Fumie, buɗe! Tukunya ce a hannuna, ba gaisuwa na zo yi ba."

Na ce ba ni da lafiya.

"Kunya ce ke damunki, ita kuwa ba ta hana cin abinci. Sa takalmi, mummuna, miya na hucewa."

Ranar na gane ba ni kaɗai ba ce. Duk ranar ɗaya ga Janairu kina tara waɗanda ba su da mai zuwa musu: Kumakura mai aski da matarsa ta rasu, malamar makarantar da ba ta taɓa aure ba, tsohon direban bas da 'ya'yansa suka manta hanyar gida, da sauransu. Maigidanki Shigeyoshi yana daka shinkafar mochi, wainar sabuwar shekara, yana mita, wai ya auri mace ya samu gidan abinci. Ke kuma kina zuba miya kina yi mana tsiya ɗaya bayan ɗaya, har sai wanda ya shigo da hawaye ya ƙware da dariya. Mu bakwai muka rage a bara.

A watan Afrilu Shigeyoshi ya rasu. Da Nuwamba ta zo kika aika katin makoki kamar yadda kowa ke yi, mai cewa bana kada a aiko da katin barka da sabuwar shekara. Kati kika ce, Yaya. Ba ki ce kada a zo ba. Amma muka taru a shagon Kumakura, ya gyara murya ya ce, "Gidan makoki ba a shigarsa da murna. A bar baiwar Allah ta huta. In bakwai ga wata ya wuce, sai mu aika mata katin gaisuwar sanyi, shi ne ladabi." Kowa ya gyaɗa kai, har da ni. Katunan nan namu bakwai su ne a hannun mai wasiƙu ranar da ya tsaya a ƙofarki.

Da muka shiga, teburi a shirye yake. Kwano takwas, kowanne da tsinken cin abincinsa, mochi a yanke, tukunya cike da miyar da ta daskare. Kin yi shiri kamar kullum. Mu ne muka yanke miki hukuncin zama ke kaɗai a shekarar da kika fi bukatar jin muryar mutum, muka sa masa suna ladabi.

Abin da ya fi ƙona mini rai ranar jana'iza ne. Ɗanki Norihide, da ya zo daga Osaka, yana ta rusunawa yana ba mu haƙuri, wai mahaifiyarsa ta ɗaga wa unguwa hankali. Mu kuma muna karɓa! Wata har cewa ta yi, "Ai halinta ne, ba ta son ɗora wa kowa nauyi." Matar da ke dukan ƙofar mutane da ƙafa? Ƙarya muke yi miki tun ba a kai ki ba, don mu samu barci.

Nawa laifin ya fi na kowa. Ranar biyu ga wata na fito shara da shebur, na ga ba ki share ƙofarki ba, ke da ba kya bari rana ta fito ta iske dusar ƙanƙara a dandamalinki. Na tsaya. Na ce a raina, in na je, me za a ce? Na koma ciki na dafa shayi. A lokacin kina numfashi.

Allah Ya ji ƙanki, Yaya Tsuyako, Ya sa kin huta, Ya haɗa ki da Shigeyoshi inda babu sanyi. Norihide, Allah Ya ba ka haƙuri, kai da iyalinka, kuma ka ɗaga kanka, ba kai ke da ba mu haƙuri ba. Mu bakwai kuwa, kada wanda ya yi mana ta'aziyya. Mun ce mun bar ki ki huta ne, alhali ko tura ƙofarki mai wasiƙu bai yi da ƙarfi ba. Ƙofar ba a kulle take ba.