Mai Buroshi da Bokitin Fari

Mai Buroshi, kamar yadda mutanen layi ke kiransa, bai taɓa yarda da farin fenti zalla ba. Yakan ce wannan na asibiti ne, ɗakin da mutum zai kwana yana son ɗan ɗumi. Sai ya buɗe bokitin fari, ya ɗiga ruwan ɗorawa, ya ƙara ja kamar kan ashana, ya dama da sanda har launin ya koma kamar shayin da madara ta yi wa yawa. Ba ya awo. A zamanin da ya koyi sana'ar babu injin haɗa launi, ido ne ma'auni, kuma nasa ya yi suna.

Da tsufa ya zo, aiki ya fara ja da baya. Malamar makarantar da ya yi wa falo ta yi godiya, ba a jima ba ya ga wani da tsani a ƙofarta. Ba wanda ya gaya masa dalili, don ana jin nauyinsa. Shi kuwa ya ɗora laifin a kan fentin zamani, wai duk ruwa ne.

Sai ya ce bari ya yi ɗakinsu, kowa ya ga hannu na nan. Ya fitar da gado, ya shimfiɗa tsoffin jaridu, ya shafe bango guda. Matarsa ta shigo ta tsaya tana kallo.

"Malam, wa za a kwantar a nan? Saura gadon ƙarfe da ƙarin ruwa."

Ya ce mata ga ɗumi nan, ta duba da kyau. Ta ce ita dai fari fat take gani. Ta cire farin mayafinta ta tambaye shi launinsa, ya ce ya dafe, yana son wanki. Ta ce jiya ta wanke shi, har da bula.

Ya zauna a kan gwangwani. Ashe yanar da ke rufe masa ido ce take shafa wa komai ruwan ɗorawa, shi ya sa yake tsayar da ɗigo tun bai kai ba. Can ya ce to, a kai wa ɗan ƙanensa tsanin da buroshin. Ta tambaye shi ko hannun ma ya makance, sannan ta jawo kujera kusa da bokiti.

"Ɗiga. Na tsufa ina wanke launin nan a rigunanka, in ya yi zan sani."

Ya ɗiga, ya dama. Ta ce ƙara. Ya ƙara yana gunaguni, don a idonsa abin ya riga ya wuce gona da iri.

"Ya isa," in ji ta.

Daga nan mutanen layi suka saba ganinsu da safe, shi da tsani a kafaɗa, ita da sandar damawa. In an tambaye shi, sai ya ce ta biyo shi ne ta ga labulen mutane.