Rautar da Baba Tizhe ya ɓoye

Ina shiga kemis ɗin Baba Tizhe a Sabon Layi na tarar da mutane har bakin ƙofa. Intanet ta ɗauke, kwamfutar sayar da magani ta tsaya cik.

Raina ya ɓaci, don da hannuna na haɗa masa rauta biyu, wato na'urar rarraba intanet, in ɗaya ta mutu ɗayar ta karɓa nan take. Har layin intanet na ma'aikata na raba da na baƙi.

Na leƙa bayan kanta. Rauta ɗaya ce, wutar lantarki ta zo da ƙarfi ta ƙone ta. Ta biyun babu ita, sai waya tana reto.

"Baba, ina ɗayar?"

Ya buɗe akwatin ƙarfe ya ciro ta, a naɗe cikin tawul.

"Haba Baba! Ai aikinta ta zauna a kunne tana jira!"

"Ɗana, na ji bayaninka. Amma ni na taɓa barin garin nan a guje, daga ni sai silifas. Tun ranar ba na tara kayana wuri ɗaya."

Na karɓi rautar. Sai da na durƙusa zan jona ta na lura soket ɗaya na sa musu. Da tana nan, da wutar ta haɗa da ita.

To jama'a, tsakanina da Baba, wa ya iya ajiya?