Farfesa Elna Sorum, Wadda Ta Kai Fiyano Kasuwar Shanu

Haihuwa da Asali

An haifi Farfesa Elna Sorum a ranar sha huɗu ga watan Maris na shekarar 1928, a garin Minot da ke jihar Dakota ta Arewa. Mahaifinta, Knute Sorum, ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mahaifiyarta kuwa, Berit, ita ke kaɗa fiyano a majami'ar unguwarsu kowace Lahadi. Ita ce ta uku cikin 'ya'ya biyar, kuma ita kaɗai ce mace.

An ruwaito cewa tana da shekara shida aka fara gane baiwar da Allah ya yi mata, domin duk waƙar da aka rera a majami'a da safe, kafin a gama abincin rana ta fitar da ita a fiyanon gidansu ba tare da kowa ya nuna mata ba. Daga nan mahaifiyarta ta ɗauki nauyin koyar da ita, har zuwa lokacin da ta shaida wa maigidanta cewa yarinyar ta kwashe duk abin da ta sani.

Neman Ilimi

A shekarar 1946 ta samu gurbin karatu a wata babbar makarantar kiɗa da ke birnin Chicago, inda ta zauna a gaban Malam Anton Reszke, wani dattijo mai tsanani da yaƙi ya koro daga ƙasar Folan. Wata shida na farko shafin kiɗa guda ya riƙe ta a kai, yana mayar da ita baya a kan sautin da babu mai jin aibinsa sai shi.

Ƙa'idar irin waɗannan makarantu ita ce, babu ɗalibin da za a yaye sai ya yi kiɗan fita: ya hau dandamali shi kaɗai a gaban jama'a da malamai, ya yi awa guda yana kaɗa ayyukan magabatan makaɗan Turai na zamani daban-daban, dukkansu da ka, babu takarda a gabansa. Elna ta yi nata a watan Mayu na 1950, kuma waɗanda suka halarta sun tabbatar cewa Malam Reszke, wanda ba a taɓa ganin ya yaba wa ɗalibi ba, ya miƙe tsaye yana tafa mata. An yi mata tayin yawon kiɗa a manyan biranen gabas, amma rashin lafiyar mahaifinta ya sa ta koma gida a shekarar da ta biyo.

Aiki da Aure

A shekarar 1953 Jami'ar Carrow, ƙaramar jami'a a tsakiyar gonakin alkama, ta ɗauke ta aikin koyar da fiyano. Akasarin ɗalibanta 'ya'yan manoma ne, masu kaushin hannu. Ba ta yarda ɗalibi ya taɓa fiyano da sabon kiɗa sai ya iya rera shi da baki daga farko har ƙarshe. Ɗalibai suka laƙaba mata suna Mai Kunne, suna rantsuwa cewa tun daga wurin ajiye motoci take jin wanda ya danna ba daidai ba, har ta faɗi ɗakin da yake.

A watan Yuni na 1956 ta auri Walter Dahlke, likitan dabbobi, mutum mai barkwanci wanda har ya bar duniya bai iya bambanta kiɗa ɗaya da wani ba. Yakan ce mata, "Elna, ni shanu nake yi wa magani, ke kuwa 'ya'yan masu shanu kike gana wa azaba, kin ga kasuwarmu ɗaya." Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu. An ɗaga ta zuwa matsayin farfesa a 1968, ta kuma zama shugabar sashen kiɗa a 1975.

Shekarar Gwanjon Gonaki

A farkon shekarun 1980 tattalin arzikin manoman yankin ya durƙushe, aka shiga gwanjon gonakin da iyalai suka gada kaka da kakanni. A watan Oktoba na 1984 majalisar gudanarwar jami'ar ta gabatar da shawarar rufe sashen kiɗa, bisa hujjar cewa al'ummar da ke cikin wannan hali ba ta da buƙatar fiyano, ga shi kuma zauren da ɗalibai ke kiɗan fita kullum kujeru ne suka fi mutane yawa. Aka tsayar da watan Afrilu don yanke hukunci.

Farfesa Sorum ba ta yi jayayya a gaban majalisar ba. Ta sanar da cewa a wannan shekarar kowane ɗaya daga cikin ɗalibanta bakwai na ajin ƙarshe zai yi kiɗan fitarsa ne a garin da aka haife shi. Maigidanta ya aro motar ɗaukar shanu, aka naɗe babban fiyanon sashen da barguna, aka rinƙa bin garuruwa da shi cikin dusar ƙanƙara, tare da mai gyaran sauti, domin sanyi kan karkatar da wayoyinsa a kowace tafiya.

Zaman da ya fi shahara shi ne na garin Velda, a ranar Asabar, sha shida ga Fabrairu na 1985. Mai kiɗan ita ce Ramona Hruska, wadda aka yi gwanjon gonar mahaifinta, Emil Hruska, a makon da ya gabata, kuma kowa ya san tun farko bai so ta karanci kiɗa ba. Da yake babu zauren da zai ɗauki jama'a a garin, sai aka share rumfar da ake gwanjon shanu, aka ajiye fiyanon a daidai inda ake tsayar da bajimai. Manoma suka cika benci-benci da manyan rigunansu na sanyi, akasarinsu ba su taɓa ganin irin wannan fiyano ido da ido ba.

Ramona ta fara da kiɗan wani Bajamushe na ƙarni na sha takwas, wanda muryoyi huɗu ke bin juna a cikinsa daga hannaye biyu kacal, har wasu suka rinƙa leƙe don su tabbatar ita kaɗai ce a zaune. Ta wuce zuwa wani dogon kiɗa mai kashi uku. A tsakiyar kashi na biyu, wanda yake tafiya a hankali kamar addu'a, hadda ta kuɓuce mata. Hannayenta suka tsaya a sama. A ƙa'ida malami ba ya da ikon tuna wa ɗalibi, don haka Farfesa Sorum ta zauna a gefe tare da sauran masu jarrabawa, ba ta motsa ba. Ana jin iska na kaɗa kwanon rufi.

Daga benci na baya Emil Hruska ya yi magana, ba tare da ɗaga murya ba: "Ramona, 'yata, yi a hankali. Dukkanmu nan babu mai gonar da zai koma wa da gaggawa."

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Ramona ta sauke hannayenta, ta koma farkon kashin, ta bi shi har ƙarshe, sannan ta afka kashi na uku da irin ƙarfin da malamarta ta ce ba ta taɓa ji daga gare ta ba a shekara huɗu. Da sautin ƙarshe ya mutu, babu wanda ya tafa. Mutane suka zauna kamar an dasa su, maza da huluna a hannu, sai can wata tsohuwa ta miƙe, sannan rumfar ta ɗauka da tafi gaba ɗaya.

A watan Afrilu manoma daga garuruwan bakwai suka cika harabar jami'ar da motocinsu. Majalisar ta janye shawarar da rinjayen ƙuri'a guda, ko da yake ta rage malamai biyu, abin da Farfesa Sorum ta ce ya hana ta kiran al'amarin nasara. Tun daga wannan shekara kiɗan fita a garin haihuwa ya zama al'adar sashen.

Ritaya da Tsufa

Ta yi ritaya a 1993, bayan shekara arba'in tana koyarwa. Maigidanta ya rasu a 1997, ɗansu na biyu, Peder, ya bi shi a 2002. Ciwon gaɓoɓi ya lanƙwashe mata yatsu har ta daina kaɗawa gaba ɗaya, amma ba ta daina halartar kiɗan ɗalibai ba. Takan zauna a layin gaba da sandarta, idanunta a rufe, kuma sababbin ɗalibai sun fi shakkar ta fiye da masu jarrabawar.

Rasuwa da Jana'iza

Farfesa Elna Sorum ta rasu a gidanta da ke Carrow a ranar tara ga watan Nuwamba na 2011, tana da shekara tamanin da uku, bayan gajeriyar jinya. Da labarin ya bazu, tsofaffin ɗalibanta da suka yi suna a manyan birane suka nemi a ba su damar kaɗawa a wurin jana'izar, amma 'yarta ta fari ta shaida musu wasiyyar da marigayiyar ta bar mata da baki: "Karin, kada ki bar manyan nan su taɓa fiyano. Ki ba 'yan ajin farko, waɗanda ba su taɓa hawa dandamali ba. Ki ce musu su saki jiki, wannan karon ba zan ji kuskurensu ba."

Haka aka yi. Ɗalibai biyar na ajin farko suka hau ɗaya bayan ɗaya, yayin da mashahuran makaɗa suka zauna a ƙasa suna saurare. Bayan nan aka binne ta a makabartar garin, kusa da maigidanta da ɗanta.

Ta rasu ta bar 'ya'ya uku: Karin, malamar asibiti, Solveig, lauya, da Nils, wanda ya gaji mahaifinsa a aikin likitancin dabbobi, tare da jikoki takwas. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya ɗauki kiɗa sana'a.