Mala Tela da Wuyan Iorkyaa

Mala tela ne a kasuwar Lafia. Ƙafarsa ta hagu ta shanye tun yana yaro, da ta dama kaɗai yake taka keken ɗinki. Bai taɓa kama kokawa da kowa ba, amma duk inda aka kafa fage bayan girbi, daga Kwandere har Doma, sai an gan shi a layin gaba yana dogara sanda. Rumfarsa ce majalisar masu son kokawa.

Gwaninsa shi ne Iorkyaa, wani Batibi mai lodin doya a tashar jirgin ƙasa, wanda da rani yakan ajiye dako ya ci abinci da kokawa. Iorkyaa yana da abokin yawo, Sha'aibu, mutumin Kwandere. Su biyun suna da wani wasa da suke buɗe fage da shi: Sha'aibu ya sunkuci Iorkyaa har bisa kafaɗa ya wurga shi, shi kuma ya juya a sama ya dira da ƙafa. Kowa ya san shiri ne, amma ba a gajiya da kallonsa.

A kakar 1956, wata Asabar da la'asar, Sha'aibu ya ɗaga, ya wurga, Iorkyaa bai gama juyawa ba. A kan wuyansa ya sauka. Kiɗa ya tsaya. Iorkyaa yana kwance yana shure ƙasa da dugadugai, yana cewa, "Ku bar ni, kada ku taɓa ni."

Mala ne ya riga kowa isa, da sandarsa. Ya ce wuya ne ya goce, ya sha ganin yadda ake mayarwa. Ya zauna, ya tokare kafaɗar Iorkyaa da ƙafarsa mai lafiya, ya kama kan da hannu biyu ya fizga. Daga nan Iorkyaa bai sake shure ƙasa ba. A kan ƙyauren ƙofa aka kai shi gida.

Kashegari rumfa ta cika. Leburorin tasha suka ce Sha'aibu ya saki da wuri. Mutanen Kwandere suka ce Iorkyaa ya sha burkutu kafin ya shiga. Wani mahauci ya rantse makaɗi ne ya sauya kiɗa a tsakiyar ɗagawa. Wasu suka ce jifa ce. Muryar Mala ta fi ta kowa.

"Ni a gaba nake," in ji shi. "Na ga hannun Sha'aibu. Wallahi da gangan ya zame. Ya gaji da a riƙa yi wa wani tafi shi yana ɗaukar kaya."

Maganar ta bi gari. Aka daina gayyatar Sha'aibu fage. Wata ranar kasuwa leburori suka tare shi suka fasa masa baki. Ya je gaida Iorkyaa, dangi suka hana shi shiga. Kafin damina ya kwashe iyalinsa ya bar Kwandere, ba a sake jin inda ya yi ba.

Iorkyaa ya yi wata da watanni a kan tabarma. Matarsa Nguavese ke juya shi, tana wanke gyambon da kwanciya ta yi masa a baya. Mala yakan aika da tsire da sabulu, amma shi kansa bai taɓa leƙawa ba. Ana cikin ruwan Agusta Iorkyaa ya mutu.

Bayan an binne shi, Nguavese ta biyo ta kasuwa da kayanta a ka, za ta koma ƙauyen iyayenta. Ta tarar ana musun a rumfa, Mala yana nuna yadda Sha'aibu ya riƙe ƙugu. Ta tsaya har ya gama.

"Tela," ta ce, da Hausarta ta kasuwa, "ni ma ina wurin. Da ya faɗi, ƙafansa yana motsi. Kai ka ja kansa, ƙafa ya tsaya. Shi ma ya gaya mini. Ya ce in bar ka, son shi kake yi."

Ta gyara kayanta ta wuce. Ba wanda ya dubi Mala. Can mahaucin nan ya yi gyaran murya ya ce, ai ko ma mene ne, da makaɗi bai sauya kiɗa ba da ba a kai ga haka ba. Wani ya ƙaryata shi, musu ya sake tashi.

Mala ya duƙufa kan ɗinkinsa ranar. Bayan mako guda ya koma kan maganarsa ta Sha'aibu, har ya fi da zafi. Sai dai masu zama suka riƙa raguwa, majalisa ta koma wajen mai shayi a bakin tasha. Ya ci gaba da ɗinki shi kaɗai har idonsa ya yi rauni, ya sayar da keken. A ƙarshen rayuwarsa, in baƙo ya zauna kusa da shi a ƙofar masallaci, yakan kama masa hannu ya nuna masa daidai inda yatsun Sha'aibu suka zame.