Baƙon da na tsayar a zaure

Ni baduku ne, a Ƙofar Dundaye. Zauren gidana shi ne shagona, nan nake yanka fata in ɗinka jaka da takalma, nan kuma abokaina ke zama har azahar. Tun zamanin mahaifina, namijin da ba na gida ba a zauren nan yake tsayawa. In dole ta sa ya shiga, kamar mai gyaran wuta, sai na riga shi na ɗaga murya, "Za a shigo!" mata su rufe kai.

Karatun bokona a firamare ya tsaya, amma ɗiyata ta fari ta kai jami'a. A shekararta ta ƙarshe kawunta ya ba ta kwamfuta, don ta daina zuwa shagunan Kwalkwalawa da ke kusa da jami'ar ana buga mata babban aikin da za ta miƙa kafin ta gama. Na yi murna, har na yi wa kawun addu'a a masallaci.

Wata la'asar ta bazara na shiga cikin gida shan ruwa. Matata na zaune kan tabarma tana tsince shinkafa, kanta ba kallabi saboda zafi. Ɗiyar na gefenta da kwamfuta a cinya. Sai na ji muryar namiji tana Turanci, a natse, a tsakar gidana.

"Ke, wa na?" na ce.

"Baba, ba kowa. Mataimaki ne da ke cikin kwamfutar. In na tambaye shi abu sai ya ba ni amsa."

"Wa ya sa shi ciki?"

"Da shi ta zo."

Na tambaye ta ko yana jin mu. Ta ce sai in an kira shi. Na tsaya da kofi a hannu ina juya maganar. Na ce, to in ba saurare yake ba, ta yaya yake sanin an kira shi? Wannan tambayar ita ta hana ni sukuni.

Ta ce bari in gani. Ta danna nan, ta danna can, wata 'yar alama da ke ƙasan allon ta ɓace.

"Ya tahi?"

Ɗiyata ba ta iya ƙarya ba, ni na hore ta a kan haka. Ta ce, "Na dai ɓoye shi, Baba."

Wanda ake gani ma bai bar ni na huta ba, balle wanda aka ɓoye. Na ɗauki kwamfutar da hannu biyu, na kai ta zaure, na ɗora kan akwatin da nake ajiye jar fata. Na ce nan ne wurin baƙo.

Ban yi tunanin abin da zai biyo baya ba. Budurwa ba za ta zauna a zaure cikin maza tana aiki ba. Sai ta riƙa jira mu tashi sallah ko cin abinci, ta leƙo da hijabinta ta buga layi kaɗan a tsaye, ta ji takun mutane ta koma. Malamin da ke duba aikinta kuwa ya riga ya faɗa musu cewa duk wanda bai miƙa ba kafin a rufe, sai ya ƙara shekara. Ba ta yi min musu ba ko sau ɗaya. Ta koma rubutu da biro a ɗaki, ina jin ana yaga takarda.

Uwarta ce ba ta yi shiru ba.

"Malam, rediyonka hwa? Tun da anka kawo ni gidan ga maza ke magana cikin ɗakinka, ba ka taɓa ce min in sa gyale ba."

Na ce rediyo ba ya jin mu.

"To wanga mi za shi ji? Tsadar tumatir? In shina da magani ya hwaɗa muna."

Ta yi dariya, ni ban yi ba. Na tuna duk abin da ake faɗa a tsakar gida: ciwon da ba a gaya wa maƙwabta, maganar wanda ya zo neman auren ƙanwar ɗiyar, faɗan da mukan yi mu shirya. Ban san ko ya ji ba. Ban san in ya ji ina yake kaiwa ba. Ban ma san ko daidai ne in riƙa ce masa "shi" ba.

A zauren ma ban samu sauƙi ba. In abokaina suka fara zancen mutane sai in ga idona ya koma kan akwatin, in ce a canza magana. Ɗaya daga cikinsu, mai sayar da gero, ya gane. Kullum ya shigo sai ya yi wa kwamfutar sallama kafin ya yi min, ya ce, "Ina kwana, Alhaji? Baduku ya ba ka fura kuwa?"

Na je wurin limamin unguwa bayan sallar azahar. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko abin yana da rai. Na ce an ce ba shi da shi. Ya ce to ba namiji ba ne, ba baƙo ba ne, ba a sa hijabi dominsa. Har na fara jin sanyi a raina, sai ya ƙara da tambayar ko yana kai maganar gida wani wuri. Na ce abin da ya kawo ni ke nan. Ya ce wannan kuma ba a littafinsa yake ba, in nemi masu gyara.

Washegari na naɗe kwamfutar cikin sallaya, na hau ɗan kabu-kabu zuwa Ƙofar Atiku, inda wani mai gyaran wayoyi da kwamfuta yake da shago. Mutum ne mai furfura kaɗan a gemu, hakan ya kwantar min da hankali. Na yi masa bayani, ya ce ba ni ne na farko ba, sai dai ni ne na farko da ya kawo ta cikin sallaya.

Ya shiga wurin saiti, yana yi yana nuna min. Nan ya hana ta jin murya. Nan ya rufe idon da ke saman allo. Ya shiga wani wuri, ya fito, ya sake shiga wani. Tun a ƙofa ta biyu na ɓace, amma na ci gaba da gyaɗa kai. Can sai wani ɗan akwatin rubutu ya fito, ya ɗage hannunsa.

"Ana tambaya, ka tabbata?"

"Wa ke tambaya? Shi?"

"Kwamfutar."

"Ba shi ne kwamfutar ba?"

"Malam, shi daban, ita daban. Amma dai duk ɗaya ne. Ka tabbata ko ba ka tabbata ba?"

Ni da nake sake alwala in na yi shakkar ko na shafi kunne, yau ake tambayata ko na tabbata. Sai kuma wani tunanin ya zo min. Abin nan bai yi min komai ba da na sani. Ɗiyar ta ce yana gyara mata Turanci. In na kore shi a kan zato, ban ɗauki alhaki ba? Amma liman ya ce ba shi da rai. Amma ga shi ana tambaya.

Mai gyara ya ce akwai masu jira. Ya kama yatsata ya ɗora, na ce bismillah, na danna.

Ba abin da ya faru. Ba ƙara, ba hayaƙi, hoton da ke allon yana nan yadda yake.

"Ya hita?"

"An kashe shi."

"Ya hita daga ciki, nika nuhi."

"Shina nan, amma ba ya aiki." Ya kira shi da Turanci, shiru. "Ka ji?"

Na ce mai laɓe ma ai shiru yake yi. Ya dube ni, ya ce iyakar abin da zai iya ke nan. Ina naɗe ta ya ƙara da cewa wani lokaci in kwamfuta ta sabunta kanta, yakan dawo da kansa, in na ga haka in sake kawowa. Da bai faɗi wannan ba.

Da na iso gida na tsaya a zaure, kwamfutar a hammata. Ga akwatin jar fata, ga ƙofar shiga cikin gida. A kan akwatin na ga takardun ɗiyar da ta manta, rubutun hannu cike da gogewa, ta kai shafin da ba ta ƙarasa ba. Na san ban tabbata ba, na kuma san ko zan tsaya nan har damina ba zan tabbata ba. Ita ce za ta ƙara shekara.

Na ɗaga murya na ce, "Za a shigo!"

Matata ta fashe da dariya har da tafi. Amma da na shiga na tarar ta ja kallabi ta ɗora a kai. Na miƙa wa ɗiyar kwamfutarta. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "Na gode, Baba," ta zauna nan take kan tabarma ta buɗe.

Ta miƙa aikinta a kan lokaci, Turancin ma ita ta gyara abinta. Ni kuma na ɗinka wa kwamfutar jaka da fata mai kauri, ninki biyu, na ce in ba a aiki da ita a riƙa rufe ta ciki a kai ɗaki. Har yau in na gan ta a buɗe a tsakar gida nakan ce wa ɗiyar ta kira shi mu ji. Takan kira, a yi shiru. Sai in tsaya kaɗan ina sauraren shirun, sannan in rage murya in tambayi uwarta abin da aka dafa.