Akwatin Da Ya Ƙi Rabuwa Da Ni

Kafin in zama macuci, ni mai gyaran rediyo ne a bakin tashar Ikara. Ba yabon kai ba, ko rediyon da akuya ta tauna aka kawo mini, sai ya karanta labarai kafin La'asar. Rumfata kullum cike take, rabi masu gyara, rabi masu neman dariya kyauta. Injiniya ake ce mini, alhali makarantar da na yi ba ta kai tsawon wannan tumbin nawa ba. Ina da mata da 'ya'ya, ina cin tuwona da man shanu, ina barci har da minshari mai korar ɓeraye. Samari, da ku nake. Ku yi dariya inda ta kama, amma ku karanta har ƙarshe.

Da wayoyi suka cika gari, rediyo ya mutu, sai na koma harkar akwatin sola. Wanda bai san shi ba, akwati ne mai mariƙi kamar ƙaramar kula, cikinsa batura ne, a cika shi da farantin sola, ya ba ka fitila da fanka da cajin waya. A gabansa akwai ɗan gilashi mai nuna yawan wutar da ta rage, in akwatin ya cika ya nuna ɗari. Sabo ya fi ƙarfin talaka, don haka mutanenmu na hannu suke saye. Nakan je Kano in kwaso matattu, in canza ƙwayoyin batir da suka gaji, in jona dutsen guga in zauna ina kallo har wutar ta ƙare, sannan in san abin da zan gaya wa mai saye. A lokacin gaskiya nake yi, wallahi.

Wani abokin sana'ata na Makarfi, Tanimu, shi ya same ni wata rana ina wannan gwaji.

"Injiniya, guga kake ko gadi?"

Na ce gwaji nake.

"Kai dai kana son wahala. Ka taɓa ganin mutumin ƙauye ya zo kasuwa da dutsen guga? Abu biyu yake dubawa. Ya ɗaga ya ji nauyi, ya leƙa gilashi ya ga ɗari. Ka ba shi su, ka riƙe sauran."

Na ce masa Allah ya shirye shi. Ya ce amin, tare da ni. Muka yi dariya. Amma maganar ta kwana a kunnena.

Da ƙwaya biyu na fara. Na cire su na sayar daban, babu wanda ya dawo. Sai na cire rabi. Daga baya sai in bar kaɗan kawai, wanda zai juya fanka a gaban mai saye, gurbin sauran in cusa yashi a leda. Yashin ma ba kowane iri ba. Fari tas nake ɗebowa daga rafin Kurmin Kogi, in shanya, in tankaɗe shi kamar garin tuwo. Gilashin kuwa sai in raba shi da sauran akwatin, in ba shi ɗan batir nasa na kansa, in ɗaure shi a kan ɗari. Ko akwatin ya mutu murus, gilashi na nan yana murmushi, ɗari cif.

Ranar kasuwar Makarfi ko ta Hunkuyi, sai ka ji ni tun daga bakin titi. "Ɗaga ka ji, Alhaji! Wannan ai sai ka ci ka ƙoshi kafin ka ɗauka!" Mutum ya ɗaga, ya yi nishi, ya ce lallai da wuta a ciki. In ya dawo da ƙorafi, in ce farantinsa ne. Akwai wanda na ce wa ranar ƙauyensu ce ta tsufa, ya ce dama ya lura ba ta zafi kamar da.

A kasuwar Hunkuyi Malam Sani ya same ni, farkon damina. Malamin allo ne daga Taba, siriri, mai sanyin murya. Ya gaishe ni har da tambayar iyali da gajiya da ruwa, kamar ya san ni tun ina goye. Ya ce mahaifinsa, Alaramma, an sallamo shi daga asibiti a Zariya da ciwon ƙirji, an haɗo shi da injin da ke ba shi iska ta hanci. Injin ba ya son yankewar wuta. Suna da ƙaramin janareta, amma ba zai yi ta aiki ba hutu, ga hayaƙi.

"Injiniya, don Allah ka zaɓar mini da kanka. Ni ban san komai a kai ba. Numfashin Baba ne zan ɗora a kai."

Ya faɗa mini, da bakinsa, na kuma ji da kunnena. A ƙarƙashin tebur akwai akwati ɗaya mai lafiya da na ajiye wa kaina. Ƙafata tana taɓa shi a lokacin. Na miƙa hannu sama na ɗauko masa mai yashi.

"Ɗaga ka ji, Malam."

Ya ɗaga, ya jona wayarsa ta kama caji, ya leƙa gilashi. Ya ce, "Ma sha Allah, ɗari." Ya yi mini addu'a har sai da na ƙosa, ya ɗaure akwatin a bayan babur ya tafi. Na ce wa raina, ai suna da janareta.

Ba a daɗe ba, wata rana da hantsi, na ɗaga kai a rumfata ta Ikara na ga Malam Sani tsaye da akwatin a hannu. An naɗe mariƙin da wani farin ƙyalle. Na fara duba hanyar gudu. Sai ya yi sallama, ya zauna, ya ce Baba ya rasu ranar Juma'a.

Ya ba ni labari a hankali. Duk kwanakin nan ana rana, faranti na jone, da dare kuma janareta, injin bai taɓa tsayawa ba. Ranar Juma'a hadari ya rufe gari tun safe. Da za su tafi masallaci ya duba gilashi, ya ga ɗari, sai ya kashe janareta ya huta. Suka bar tsohon da Inna, mahaifiyarsa. Suna fita ba da jimawa ba injin ya ɗauke yana ƙara. Inna ta duba akwati, ta ga abin da aka nuna mata, haske da ɗari, sai ta ɗauka injin ne ya lalace. Ta yi ta bubbuga shi. Ba ta iya jan janareta ba, kuma ba ta ga dalilin ja ba, tunda ga wuta cike. Ta zauna tana yi masa fifita da mafici har aka sallame salla.

"Injin asibitin ne ya ci amanarmu," in ji shi. "Naka kuwa har muka dawo daga maƙabarta yana ɗari. Baba ya so akwatin nan. Shi ya yagi bakin rawaninsa ya ce a naɗe mariƙin, kada ya ci wa mai ɗauka hannu. Inna ce ba ta son ganinsa. Ka riƙe, in ka sami mabuƙaci ka sauƙaƙa masa, ladan ya kai wa Baba."

Ni da bakina ba ya rufuwa ko a gidan makoki, ranar Allah ya jiƙansa kawai na iya cewa.

Na tura akwatin can ƙuryar rumfa na juya fuskarsa bango. Hasken gilashin ya riƙa bayyana a jikin kwanon rumfar, kore-kore. Ɗan batirin da nake sa wa gilashi ba ya wuce 'yan makonni, na san aikina. Wannan ya ƙi mutuwa. Sannan ga ƙaramar fankar cikinsa mai sanyaya batura. Da tsakar rana, tasha ta yi tsit, kowa ya tafi salla, sai in ji ta tashi ita kaɗai. Ba juyawa take kamar fanka ba. Ja take, ta tsaya, ta saki. Ja, ta tsaya, ta saki. Na yi wa kaina bayani irin na masu gyara, na ce zafi ne ke taɓa waya. Amma na daina cin abinci a rumfa, kuma na fara zuwa sallar Azahar tun kafin ladan ya yi alwala. Mutane suka ce Injiniya ya shiryu.

Na kai hannu zan kwance ƙyallen, na ji shi da ɗumi, yana ƙamshin turaren tsofaffin malamai. Na bar shi.

Da mai hankali ne ni, da a nan na tuba. Sai na sayar da akwatin ga wani direban babbar mota da ya ce Legas za shi. Na raka motar da ido har ta ɓace, na sayi tsire na yi walima ni kaɗai. Bayan girbi na je Kano na sayo buhun matattun akwatuna ba tare da na buɗe ba. Na zazzage a rumfa. Na farko da ya gangaro ya tsaya a kan ƙafata, da farin ƙyalle a mariƙi, gilashi na kallona, ɗari.

Na yi ihun da sai da 'yan acaɓa suka watse. Tanimu ya zo ya yi dariya har da hawaye, ya ce kayan gwanjo dama zagaye suke, wanda aka cuta ya sayar, dillali ya mayar Kano. Gaskiya ne, haka harkar take. Na ce to ya ɗauka kyauta. Ya kai hannu, fankar ta ja numfashi. Ya ce ya tuna ya bar shayi a wuta.

Na ba wani mai gwangwan, cikin masu sayen tsoffin ƙarafa, na ƙara masa da goro. Ya dawo mini a cikin kayan wani dillali. A lokacin tumbin nan da kuke jin labari ya zube, wandona sai da igiya biyu. Matata ta kai ni wurin masu magani, aka ce ciwon shawara ne.

Ranar kasuwar Makarfi na ɗora shi a tebur, na ƙudura ko nawa aka taya na sallama. Rana tsaka, kasuwa ta cika maƙil. Sai na ji sallama mai sanyi. Malam Sani ne. Ya shafa ƙyallen, idonsa ya kawo ruwa, ya yi murmushi.

"Ikon Allah, ashe yana nan. Injiniya, ni zan saya. Ɗakin haihuwa na garinmu ba su da wuta. In kai musu sadaka, tunda na san lafiyarsa."

Ya sa hannu a aljihu. Fankar ta ja, ta tsaya. Na jira ta saki, ba ta saki ba. Ni ma sai na ji nawa numfashin ya tsaya tare da ita, ƙirjina kamar an ɗora buhun masara. Ban san lokacin da na ɗauki sukundireba ba. Na kwance murfin a gabansa, na kifar da akwatin a kan tebur.

Abin da ya zubo ba farin yashina ba ne. Jar ƙasa ce, mai danshi, irin wadda ake tonowa daga ƙasa can ciki. Wataƙila wani macucin ne a hanya ya canza, ban sani ba, kuma ban taɓa son in sani ba. Babu ƙwayar batir ko ɗaya. Gilashin ya faɗo yana lilo a jikin waya, yana nuna ɗari.

Malam Sani ya dubi ƙasar, ya dubi gilashin. Sannan ya zauna a ƙasa, a tsakiyar kasuwa, da fararen kayansa.

"Ashe ba injin ba ne," ya ce. "Inna kullum cewa take ita ce ba ta iya bubbugawa ba."

Bai zage ni ba. Kasuwa ce ta yi wannan aikin. Kafin 'yan sanda su iso na sha dukan da har yau in hadari ya haɗu bayana ne ke fara sanar da ni. Waɗanda na cuta suka yi ta fitowa daga Kudan, daga Ikara, har da mai tsohuwar rana. Tanimu kuwa ya ɓace kamar bai taɓa zuwa duniya ba. A kotu ban yi musu ba. Alƙali ya tura ni gidan yari, na yi shekarun da suka ishi ƙaramar 'yata ta manta fuskata.

Da aka sake ni, kafin in je gida Taba na nufa. Na sami Malam Sani a zaure da ɗalibansa. Na durƙusa, na ce ya yafe mini. Ya sa aka kawo mini ruwa, ya jira na sha.

"Ni na yafe nawa. Inna ma ta yafe kafin ta rasu, ta ce ko ba komai ka cire mata zargin kanta. Saura na Baba."

Na ce, "To Malam, shi yaya zan yi?"

Ya ce, "Wannan sai kun haɗu."

Yanzu na koma gyara, ina ba mutane dariya kamar da, don bakin ya riga ya saba. In za ku sayi akwatin sola na hannu, kada ku yarda da nauyi, kada ku yarda da gilashi. Ku cire faranti, ku jona abu mai jan wuta, ku zauna ku ga lambar tana sauka, kuma ku sa a buɗe muku cikinsa. Mai kayan da ya ƙi, ku bar masa abinsa. Ku kuma masu sana'a, samari, duk ranar da wani ya ce ku rage kaɗan babu mai ganewa, ku tashi ku bar masa wurin. Ba ku san abin da za a jona a jikin aikinku ba. Ni gidan yari na gama shi, duka ya warke saura tabo. Amma akwai wani tsoho da ban taɓa ganin fuskarsa ba yana jirana, kuma kullum na wayi gari na ƙara matsawa kusa da shi.