Rabin Ciwon da Muka Kai Masidi

Ƙanena aragi yake sha. Yau ina iya rubuta wannan a fili, amma a shekarun nan da wayar hannu ta fara shigowa ƙauyenmu na gefen garin Suki a ƙasar Sudan, gara a ce ɗanka ya haukace da a ce yana sha. Hauka jarrabawa ce, kowa zai zo jaje. Aragi kuwa, barasar nan ta dabino mai kama da ruwa, bulala ce a hannun hukuma, kuma tonon asiri ne ga gidan da kullum ake tuna masa cewa kakanninsa sun baro Sakkwato a ƙafa saboda addini. To shi bawan Allah duka biyun ya haɗa.

Bayan rasuwar Babanmu shi ya gaji hawasha, wato gonar audugar da muke nomawa da ruwan hukuma. Mutum ne mai sanyi, ko akuya ba ya iya yi wa tsawa. Sai muka ga ya fara magana shi kaɗai. Ya kuma daina bin bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ta ratsa gonakinmu, sai ya yi dogon zagaye ta bayan kasuwa. Ranar da rabon ruwa ya zo kanmu ya ƙi zuwa ya buɗe, har auduga ta fara yaushi. Ni na je na buɗe, da goyo a bayana, ina tafe ina surfa masa zagi. Lalaci na ɗauka, wallahi.

Warin kuwa, ni da Inna mun san shi. Ita ke wanke masa jallabiya, ni ke share masa ɗaki. Ba mu taɓa yin zancen ba, ko da ido.

Wata safiya aka same shi tsugune a bayan rumbu, ya cusa auduga a kunnuwansa, yana ihu, "Na ji! Na ce na ji!" Baffa, wan Babanmu, wanda shi ne babba a gidan, ya zo ya tsaya a kansa. Ya yanke cewa masidi za a kai shi, can inda wani tsohon Shehi ke karantarwa yana kuma yi wa masu taɓin hankali addu'a. Kafin mu hau mota ya tara mu a zaure.

"Abin da anka gani shi za a faɗi," in ji shi. "Iska ne. Wanda yaƙ ƙara wata magana, ba ni ba shi."

Ni yake kallo, don ya san bakina ba ya da ƙofa. A lokacin na gane cewa shi ma ya sani.

A masidi aka sa wa ƙanena mari a ƙafa don kada ya gudu. Ana ba shi rubutu ya sha, ana turara masa hayaƙi, abincinsa kisra, wainar dawar nan mai falefale, ba mai ba nama, kamar yadda ake yi wa kowa. Ni da Inna muka zauna a rumfar mata muna leƙa shi. Da farko ya yi shiru, har Inna ta fara hamdala. Ba a daɗe ba hannuwansa suka kama rawa, ƙoƙon rubutu ma sai an riƙe masa. Gumi ya riƙa tsiyaya daga jikinsa kamar an watsa masa ruwa. Yana kaɗe cinnaku daga ƙafafunsa, alhali babu ko ɗaya. Matan rumfa suna ta cewa, "Ku gode Allah, iskan ne ke fita."

Ni dai hankalina bai kwanta ba. Wata rana da hantsi ina kallo ya sandare, ya faɗi, ya shiga jijjiga, marin na ƙara, jini na fita ta bakinsa inda ya ciji harshe. Inna lillahi! Na kwala ihu har muryata ta dushe.

Shehi ya fito da sandarsa. Ya dafa goshin ƙanena, ya daɗe yana dubansa, sannan ya juya ga Baffa ya tambaye shi da Larabci ko akwai abin da ba a gaya masa ba. Baffa ya ce babu. Tsohon bai yi musu ba. Ya sa aka cire marin, ya ce addu'a ba za ta yanke ba, amma mu kai shi asibiti yau, kada mu jira gobe.

A bayan bokis, motar nan mai buɗaɗɗen baya, muka nufi birnin Madani, kansa a cinyar Inna. Sau da yawa na sa yatsa a hancinsa in ji ko yana numfashi. Baffa na gaba kusa da direba, bai waiwayo ba.

Al'adarmu ce, in an je gaban hukuma ko likita, babba ne ke magana, sauran su yi shiru, mata kuwa su tsaya daga baya. Haka muka tsaya. Likitan wani gajere ne da gajiya a idonsa. Ya duba ƙanena, ya saurari Baffa yana ba da labarin iska da masidi, sai ya tambaya, "Yana shan wani abu?"

"Hasha! Allah ya tsare!" in ji Baffa. "Gidanmu ba mu san shi ba."

Likitan ya ajiye abin awonsa. Ya ce, "Ya Hajji, ni ba alƙali ba ne. In yana sha aka yanke masa lokaci guda, wannan jijjigar kisa take yi, kuma na san abin da zan ba shi yanzu. In ba ya sha, sai in shiga neman wani ciwon, shi kuma ba ya da wannan lokacin."

Baffa ya gyara rawaninsa ya ce ya riga ya ba da amsa. A kan gado ƙafar ƙanena ta fara harbawa, daidai inda mari ya ci masa fata. Na dubi Baffa. Haba! Mutum na mutuwa ana gyaran rawani?

"Yana sha," na ce da Larabci, da ƙarfi. "Aragi, kullum, tun bayan rasuwar Babanmu. Rabonsa da shi tun ranar da muka kai shi masidi."

Baffa bai dube ni ba. Inna ya juya wa, ya koma Hausa, domin Larabcinta bai wuce na gaisuwa ba. "Kin ji abin da ɗiyarki taf faɗi ga ɗanki? Ta ce mashayi ne. Ki ƙaryata ta."

Inna ba ta taɓa ɗaga kai a gaban wan mijinta ba. Ranar ma ba ta ɗaga ba. Ƙasa take kallo ta ce, "Ni ka wanke mai tufafi, Yaya." Sannan ta taɓa ni. "Faɗa ma likita duka."

Baffa ya ɗauki sandarsa ya fita. Shekaru ya yi bai ci abin da na dafa ba, kuma ban yi nadama ba.

Aka yi wa ƙanena allura, aka sa masa ruwa, jijjigar ta lafa. Da ya ɗan farfaɗo likitan ya zaunar da mu ya ce ciwo biyu ne, shan aragi da muryoyin da yake ji, kowanne na riƙe da ɗayan. A raba shi da kwalba a bar muryoyin, zai koma mata. A ba shi maganin muryoyin yana sha, maganin ba zai zauna ba. Tare za a yi su, a hankali, kuma zai yiwu ya zame a hanya. Ya zame kuwa, ba sau ɗaya ba, amma yau yana raye, shi ke noma hawashar.

Abin da ba ya barina shi ne wata la'asar a asibitin. Ina ba shi kunu da cokali, sai ya riƙe hannuna.

"Yaya, ke kika faɗa?"

"Ni na faɗa. In za ka yi fushi ka yi, kunun dai sai ka shanye."

Bai yi fushi ba, hawaye ne suka zubo masa. Ya ce duk gidan an san yana sha, amma ba wanda ya taɓa tambayarsa don me. Kunya ta kama ni, na ce to ga ni ina tambaya.

"Baba ne," in ji shi. "Muryar Baba nake ji. Daga cikin tur'a yake kirana, yana cewa in shigo. In na sha sai ya yi shiru."

Na kasa ajiye cokalin, na kasa kai shi bakinsa.

"A masidi bai yi shiru ba ko sau ɗaya," ya ce. "Da ba ku sa mini marin nan ba, Yaya, da na je."